Layar Nasara a Akwatin Wuta

Mailafiya direba ɓarawo ne, sannan maƙaryaci ne, kuma na biyun ya fi na farkon muni. Abin da ya sata bai fi tafin hannun jariri ba, ko a bola aka yar da shi ba kowa zai duƙa ya ɗauka ba. Amma da satar ta fara wari sai ya ɗauke ta ya aza a kan mutumin da ya shekara talatin yana cin abinci da amanar jama'a, wato Malam Nata'ala maƙerin fari na Dukawuya.

Ga yadda abin ya faru. Kamar shekara goma sha biyar bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, Malam Maharazu attajirin goro ya sayi mota don ɗaukar kaya daga tasha. Lungunan cikin birni ba su ɗaukarta, don haka ya yi mata rumfa kusa da Ƙofar Mazugal, ya ɗauki Mailafiya ya riƙa tuƙa ta. A gaban direba akwai wasu ƙananan akwatuna huɗu na katako, kowane bai kai tubali ba. A kan kowane akwai harshen ƙarfe siriri, a bakin harshen akwai ɗan haƙori fari da ke haɗuwa da wani haƙorin. Idan aka kunna, harshen yakan yi ta karkarwa yana ƙugi kamar ƙudan zuma, haƙoran suna haɗuwa suna rabuwa. Da wannan karkarwar akwatin ke karɓar raunanniyar wutar batir, wadda ko ƙuda ba za ta kashe ba, ya mai da ita tartsatsi mai ƙarfi da ke tashi a fulogi ya motsa injin. Mutane suka sa musu suna akwatunan wuta.

Haƙoran nan sukan yi dauɗa su dakushe. Da yake babu wanda ke da magagari mai laushi da hannu mai natsuwa kamar maƙerin zobe, sai aka fara kai wa Nata'ala yana gogewa. Shi kuwa mutum ne da ba ya taɓa abu ya bar shi bai san cikinsa ba. Shekara guda kafin wannan, da wani akwati ya mutu aka yar, ya roƙa aka ba shi, ya zauna ya fasa. Ya tarar da nannaɗaɗɗiyar waya a gefe guda, a ɗaya gefen kuma wani ƙunshi a binne cikin kwalta. Ya warware ƙunshin a hankali. Ba komai ciki sai dogayen fallaye biyu na dalma, da takarda mai kaki a tsakaninsu, an naɗe su tare ba tare da sun taɓa juna ba. Ya daɗe yana juya su. Bai gane amfaninsu ba a lokacin, amma ya riƙe siffar a ransa.

Mailafiya ma ya ga ƙunshin, ranar da wani akwati ya suɓuce masa murfin gefe ya zame. Sai dai shi bai ga dalma da takarda ba, laya ya gani. Zuciyarsa ta ce masa ai dama ƙarfe ba ya tafiya haka kawai, ga asirin Nasara nan an ɓoye cikin kwalta, wanda duk ya ɗaura shi a jiki zai sami irin ƙarfinsu da kwarjininsu. Ya sa wuƙa ya ƙwaƙulo ƙunshin, ya cika ramin da yumɓu, ya shafe da ragowar kwalta, ya mayar da murfi. Ya kai wa wani baduku a can wata unguwa ya ɗinke masa a jar fata, ya ɗaura a damtse. Jahilci ba laifi ba ne in mutum ya tambaya. Mailafiya bai tambaya ba.

Washegari mota ta tashi tana tari, tana ɗingishi da ƙafa uku, don akwati uku kaɗai ke aiki sosai. Haƙoran akwatin da aka yi wa fashi suka riƙa tofar da shuɗiyar wuta, kafin kwana biyu sun yi baƙi sun ci rami. Ranar Talata ta tsaya cak da huhunan goro a kanta, sai da aka kira 'yan dako suka kwashe. Malam Maharazu ya tambayi abin da ya same ta. Mailafiya ko ido bai ƙifta ba.

"Maigida, ai ban so in faɗa ba. Tun da maƙerin nan ya goge haƙoran take haka. Ya cire farin ƙarfen Bature ya liƙa mana gwangwani. Duba da idonka yadda suka ƙone."

Babu ƙazafin da ya fi wannan kashe maƙerin fari. Maƙerin baƙi in ya yi ha'inci fartanya ce za ta karye, a sake wata. Shi na fari, mace ce ke kwance bakin zanenta ta ba shi azurfar da ta gada wurin uwarta, ta tafi gida ta bar shi da wuta da kasko, ba ta da shaida sai Allah. Ranar da aka ce yana musanya ƙarfe, ranar sana'arsa ta mutu, ko da yana raye.

Kafin la'asar maganar ta zaga Dukawuya ta kai Gwammaja. Nata'ala yana zaune a zaurensa yana zuga wuta sai ga Gwaggo 'Yardada, tsohuwar dillaliya mai kawo masa aikin matan kulle, ta tsaya bakin ƙofa ba ta ko shigo ba.

"Sannu da aiki, Malam. Na zo karɓar azurfar gidan Liman."

"Gwaggo, ai munduwar ba ta ƙare ba. Jibi na ce miki."

"Ko a narke take, zuba mini a ƙoƙo. Haka aka aiko ni."

"Ke ma kin yarda da zancen?"

"Ni 'yar aike ce, ɗan nan. Na san ka tun kana ɗaukar wa babanka gawayi. Amma matan nan ba ni suke saurare ba, kasuwa suke saurare. In ka wanke kanka ka wanke, in ba haka ba, wallahi ko zoben gwangwani ba zan iya kawo maka ba."

Ya auna azurfar a gabanta, ya ƙulle ya miƙa mata. Ya kashe wutarsa, ya sa rigarsa ta zuwa masallaci, ya nufi gidan Malam Maharazu.

Ya tarar da attajirin a shimfiɗa da mutanensa, Mailafiya na gefe yana ɓare goro. Nata'ala ya gaisa kamar yadda ya kamata, sannan ya ce, "Malam Maharazu, an ce na yi maka sata. Ban zo rantsuwa ba, ɓarawo ma ya iya rantsuwa. Ka ba ni akwatin da batir, a rumfarka, a gaban wanda ka ga dama. Daga yau zuwa Juma'a in motarka ba ta tashi da ƙafa huɗu ba, ka kai ni gaban alƙali, ni da kaina zan ɗauki kayan aikina in miƙa wa Sarkin Maƙera."

Attajirin ya dube shi. Ya riga ya aika kantin Turawa, an ce masa sabon akwati sai an rubuta Ikko, can bakin teku, wata biyu ko uku, goro kuwa ba ya jira. Ya ce, "Na ba ka zuwa Juma'a. Mailafiya, kai za ka zauna da shi."

Mailafiya ya yi dariya. "To, Maigida. In gani a ƙasa, an ce da kare ana biki a gidansu."

Ranar Laraba da hantsi Nata'ala ya shimfiɗa buzunsa a rumfar mota. Abu na farko da ya yi shi ne abin da ya saba yi da kowane ƙarfe, ya fito da ma'auninsa. Ya ɗora akwati mai lafiya a faranti ɗaya, marar lafiya a ɗaya. Marar lafiyar ya rinjaya.

"Baba maƙeri, yau kuma akwati ake sayarwa a awo?" in ji Mailafiya. Amma goron da ke bakinsa ya daina taunuwa.

Nata'ala ya zare murfin gefe, ya sa tsinken ƙarfe ya soka a kwaltar. Tsinken ya fito da jan yumɓu. Ya aika aka kira Malam Maharazu ya gani. Mailafiya ya riga kowa magana. Ya ce to ga shi nan, ashe ba haƙora kaɗai aka sace ba, har cikin akwatin an yashe, kuma kowa ya san wane ne a Kano ya taɓa fasa irin wannan akwati. Attajirin ya ce shi ba ya son jayayya, Juma'a dai yake jira. Ya juya ya tafi.

Nata'ala ya gane ramin da ya tona ya ƙara zurfi a ƙarƙashinsa. Yanzu babu abin da zai fid da shi sai aikin hannunsa. Ya je wurin masu sayar da ganyen shayi ya samo fallen dalmar da ake shimfiɗawa cikin akwatunan shayi. Ya sayi farar takarda siririya irin ta masu rubutun littafi, ya narkar da kakin zuma ya tsoma ta ciki, ya shanya. Ya yanka dalmar gida biyu dogaye, ya jera falle, takarda, falle, takarda, ya naɗe, ya danne da uwar maƙera har ya kwanta. Ya fitar da waya daga kowane falle ya haɗa inda na da yake. Ya goge haƙoran da suka ƙone har suka yi fari. Sannan ya jona batir.

Harshen ya yi ƙugi. Shuɗiyar wutar ta ragu, amma tana nan tana tsartuwa tsakanin haƙoran.

"Allah ya ba da sa'a, Baba. Sauran kwana biyu," in ji Mailafiya.

Ranar Alhamis ya yi wani ƙunshin, ya ninka tsawon fallayen har sau uku, da ƙyar ya shiga ramin. Wannan karon haƙoran suka yi tsit, ko ƙyalli babu. Zuciyarsa ta yi sanyi, sai da ya duba fulogi. Tartsatsin da ke fita ja ne, malalaci, irin wanda ba zai kunna ko auduga ba. Ƙarami ya ƙone haƙora, babba ya kashe tartsatsi. Ya zauna ya zura wa akwatin ido har aka kira azahar.

Da ya dawo daga masallaci, hannunsa ya bugi ma'aunin da ke rataye a jikin ginshiƙi, farantan suka shiga lilo. Ya san wannan lilon tun yana yaro. Ma'auni in babu kaya yakan je ya dawo da sauri, in an ɗora masa nauyi sai ya riƙa tafiya a hankali, kuma kowane nauyi da nasa lokacin, ba ya ƙari ba ya ragi, ko an tura shi da ƙarfi ko a hankali. Ya kalli ma'aunin, ya kalli akwatin. Ya ce a ransa, to ko wutar ma lilo take yi? Haƙora na rabuwa, wutar da ke cikin waya ta rasa hanya, sai ta faɗa cikin ƙunshin ta cika shi, sannan ta juyo ta koma cikin waya, ta sake dawowa. In ƙunshin ƙarami ne nan da nan ya cika, tun haƙoran ba su yi nisa da juna ba, sai wutar ta tsallaka ta ƙone su. In babba ne sai ta yi ta jan ƙafa kafin ta cika shi, bugun ya yi sanyi. Ashe ba yawa ake nema ba, ba kaɗan ba. Lokaci ake nema, zuwa da dawowar wutar su dace da buɗewar haƙora.

Babu wanda ya karanta masa wannan. Ba shi da kalmar Turanci ko ɗaya da zai kira shi da ita. Amma ya san yadda ake neman daidai, don aikinsa ke nan kullum: a ƙara ƙwaya, a rage ƙwaya, har harshen ma'auni ya tsaya. Ya ciro babban ƙunshin ya warware, ya yanke taƙi ɗaya daga fallayen, ya naɗe, ya gwada. Ya sake yanke taƙi ɗaya. Kowane gwaji yana ajiye akwati mai lafiya a gefe, yana duba haƙoran wannan da na wancan, tartsatsin wannan da na wancan. Sau biyu takarda ta huje fallayen suka taɓa juna, komai ya mutu, ya sake daga farko. Sau ɗaya wutar ta kama shi a yatsa har ya yi salati da ƙarfi, Mailafiya ya kwashe da dariya.

"Ka gani ko? Abin Nasara ba ya son hannun baƙi. Akwai abin da ke ciki wanda ba a sayarwa a kasuwar Kurmi."

Nata'ala ya ɗago kai. "Me ke ciki, Mailafiya?"

"Oho. Ni na sani? Faɗa nake yi kawai."

Maƙerin ya dube shi ɗan lokaci, ya koma kan aikinsa. A gwaji na tara, gab da magariba, haƙoran suka yi ɗan ƙyalli kaɗan kamar na ɗan'uwansu, fulogi ya ba da tartsatsi shuɗi mai ƙara, tas, tas, tas. Ya saurari ƙugin akwatunan biyu. Ya ɗan lanƙwasa harshen akwatin da ya gyara, ya sake saurare, har muryoyin suka zama ɗaya. Ya narkar da kaki ya cike ramin, ya rufe. Bai bar akwatin a rumfa ba. Ya kai wa Malam Maharazu da hannunsa ya ce ya kwana a ɗakinsa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, rana na tsakiyar kai, mutane suka cika bakin rumfa. Akwai 'yan goro, akwai maƙera da suka zo ganin ko ɗan'uwansu zai tsira, akwai masu zuwa kallon faɗuwar mutum, waɗanda ba a rasa su a kowane gari. Nata'ala ya sa akwatin a mazauninsa. Malam Maharazu ya ce, "Mailafiya, wana ta."

Mailafiya ya tsaya gaban mota ya kama ƙarfen da ake wanawa a tayar da injin. Ya juya sau ɗaya da sanyin jiki, kamar mai tuƙa kunu.

"Haka kake wana ta kullum?" in ji wani tsohon maƙeri. "Ko tuwon jiya ne bai sauka ba?"

Aka yi dariya. Attajirin ya ce, "Tuɓe rigar nan ka yi aiki." Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mailafiya ya tuɓe, ya tofa yawu a hannu, ya wana da ƙarfi. Injin ya yi atishawa, ya kama, ya zauna daram da ƙafa huɗu, ba tari ba ɗingishi. Maƙera suka ɗauki kabbara. Wani ɗan goro ya jefa hularsa sama.

Nata'ala bai yi murmushi ba tukuna. Idonsa na kan damtsen Mailafiya. Akwai sabon kambu na jar fata a wurin, kuma zafin rana da gumin wana mota sun narkar da abin da ke ciki. Baƙin ruwa mai kauri yana tsattsafowa ta ɗinkin, ya zana layi har gwiwar hannu. Maƙerin ya matsa, ya sa yatsa ya lakato, ya shinshina, ya miƙa wa Malam Maharazu yatsan.

"Malam, shinshina. Wane malami ne ke rubuta laya da kwalta?"

Mailafiya ya dafe kambun. "Maganin ƙarfe ne! Kakana ya bar mini. Ba a buɗewa, in an buɗe ya karye."

"Kakanka ya bar maka fata sabuwa fil?" in ji tsohon maƙerin.

Limamin unguwa yana cikin taron. Ya ce in ayar Allah ce a ciki buɗewa ba ta rage mata komai, shi da kansa zai buɗe da alwala ya mayar a ɗinke. Mutum biyu suka riƙe Mailafiya aka kwance kambun. Liman ya farke ɗinkin, ya warware abin da ke ciki a gaban kowa. Dalma da takarda, dalma da takarda, har ƙarshe. Ko wasali ɗaya babu.

Mailafiya ya durƙusa. Ya ce shaiɗan ne, ya ce ya zaci asiri ne, ya ce bai san motar za ta lalace ba. Malam Maharazu ya ce, "Wannan duka na ji. Wanda ban ji ba shi ne dalilin da ya sa ka ɗora wa bawan Allah."

Attajirin ya juya ga Nata'ala, ya cire hularsa a gaban jama'a, abin da ba a taɓa ganin ya yi ba. "Malam, na zalunce ka da na saurari wannan. Ku shaida, jama'a, hannun mutumin nan tsarkakakke ne. Amma gaya mini, in ba asiri ba ne, me ka sa a ciki?"

"Fallen akwatin shayi da kakin zuma," in ji Nata'ala. "Wutar lilo take yi tsakanin waya da ƙunshin nan, kamar ma'auni. Aikin kawai a sa lokacin zuwanta da dawowarta ya dace da buɗewar haƙora. Wanda ya ƙera ta mutum ne ya auna. Ni ma na auna."

Tsohon maƙerin ya juya ga 'yan goro, ƙirjinsa a buɗe. "Kun ji ko? A Ikko aka ce sai wata uku. Mu nan Dukawuya kwana biyu."

A ranar Malam Maharazu ya sa aka yi shela a bakin kasuwa da sunan Nata'ala, aka faɗi abin da aka ce ya yi da abin da ya tabbata. Ranar Asabar aka kai Mailafiya gaban alƙali. Aka yi masa bulala talatin saboda sata da ƙage, Malam Maharazu ya kore shi, kuma babu attajirin da ya sake ba shi mota a Kano.